Darasi: Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da Yadda Aka Tsara Ta

Jirgin da ke tashi daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja yana cin kilomita 186, yana ratsa Rijana da Jere da Kubwa. Fasinjan da ya nuna tikitinsa a waya ya sami kujera ya zauna, tambarin hukuma guda yake gani a jikin tarago. Amma hannuwan da suka taru kafin taragon nan ya motsa suna da yawa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa dogon, aka buɗe shi a watan Yulin 2016. Wani bankin gwamnatin Sin, China Exim, shi ya ba da rancen dala miliyan 500 daga cikin kuɗin aikin. Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ce ta ƙulla kwangilar, bashin kuma yana wuyan gwamnatin tarayya. Tikitin da ke cikin wayar, tun 2021 wani kamfani mai zaman kansa ke kula da sayar da shi. Direban da ke gaba, da mai duba tikiti, da shugaban tasha, da leburorin da ke bin layi a ƙafa cikin rana suna duba ƙusoshi, waɗannan su ne ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda tsofaffi ke kira Reluwe, takardu kuma ke rubuta ta NRC.

Wannan darasi zai bi tsarin hukumar daga sama har ƙasa: wa ke ba da umarni, wa ke riƙe da kuɗi, wa ke yin aikin. Wanda ya gane waɗannan uku zai gane dalilin da ya sa jirgi ke tafiya a wani layi, a wani kuma ciyawa ta rufe ƙarfe. Zai kuma sami ma'aunin da zai auna kowace hukumar gwamnati da shi, ta ruwa ce ko ta tashar jiragen ruwa.

Dogo biyu, gwamnatoci biyu

Da farko babu wata hukuma ta ƙasa baki ɗaya, domin ita kanta ƙasar ba a haɗe take ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta Legas ta fara shimfiɗa nata dogon a ƙarshen shekarun 1890, ya isa Ibadan a 1901. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta so kayanta su dogara da Legas. Ta zaɓi garin Baro a bakin kogin Neja, da nufin jirgin ƙasa ya sauke kaya a can, jirgin ruwa ya ɗauka zuwa teku. A 1907 aka turo Percy Girouard ya zama gwamnan Arewa, kuma ba a rasa dalili ba: injiniyan dogo ne, wanda ya riga ya shimfiɗa wa sojojin Birtaniya layi a hamadar Sudan. A shekarar ya fara aikin Baro zuwa Kano. Leburorin da suka sare daji suka ɗauki ƙasa a ka, ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su, da yawansu ba da son ransu ba. Ƙarfe ya isa Kano a 1911.

Layin Legas ya ci gaba da tahowa ta Jebba har ya haɗu da na Baro a Minna. Da zarar dogon biyu sun taɓa juna, sai riƙe su da ofisoshi biyu da asusu biyu ya zama wahalar banza. A watan Oktoban 1912 aka narke su suka zama sashe ɗaya na gwamnati. A lura da shekarar: an haɗa jiragen ƙasa sama da shekara guda kafin a haɗa Kudu da Arewa a 1914.

Turawa auduga suka sa rai za su kwasa daga ƙasar Kano don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi biya, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita a hotuna tana da wata fuska da ba a cika faɗa ba: buhuna ne da ke jiran tarago. Kaya sun fi ƙarfin jirgin, shi ya sa aka jibge su har suka yi tsiri.

Sauran layukan duk kaya suka bi. An gano kwal a yankin Inugu, sai aka ja dogo daga Fatakwal ya isa can a 1916, daga baya ya haura ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna a 1927. Kuza ta ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Auduga da gyaɗa suka kai ƙarfe Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da fatu da shanu suka kai shi Nguru a 1930. Na ƙarshe cikin tsofaffin shi ne wanda ya tashi daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Duk wanda ya dubi taswirar zai ga manyan layuka biyu ne suka gangara daga Arewa zuwa bakin teku. Mai son zuwa Inugu daga Ibadan a tsohon jirgi sai ya hauro Kaduna tukuna.

Dokar 1955

Sama da shekara arba'in jirgin ƙasa yana matsayin sashen gwamnati, tamkar sashen ayyuka ko na gidan waya. Kuɗin da ya tara baitulmali suke shiga, abin da zai kashe kuma sai an nema an jira. Sana'ar da ke buƙatar sayen kayan gyara yau don jirgi ya tashi gobe ba ta jituwa da irin wannan jira. Bayan yaƙin duniya na biyu Birtaniya ta rungumi wani salo: a kafa hukuma da dokarta, mallakar gwamnati, amma ta yi kasuwanci da kanta. A Najeriya aka yi wa kwal da lantarki haka a farkon shekarun 1950, aka yi wa tashoshin jiragen ruwa, sannan a 1955 aka zartar da dokar da ta haifi Hukumar Jiragen Ƙasa. Ta fara aiki ran 1 ga Oktoban shekarar, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ministan sufuri. Hedikwatarta na Ebute Metta a Legas, har yau.

Yana da kyau ɗalibi ya bambanta abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Sashen gwamnati ba shi da rayuwa tasa. Reshe ne na ma'aikata. Kamfani kuwa rajista ake yi masa, yana da hannun jari da za a iya sayarwa, ko da gwamnati ce ta mallake su duka. Hukuma irin ta Reluwe tana tsakani. A idon shari'a ita mutum ce: tana mallakar fili da sunanta, tana ɗaukar ma'aikata, tana ƙulla yarjejeniya, tana kai ƙara ana kuma kai ta. Amma ba ta da hannun jari, babu wanda zai saya ko ya sayar da wani ɓangarenta, kuma ba a sauya ainihin siffarta sai majalisar dokoki ta taɓa dokar da ta kafa ta.

Dokar ta ba ta gata babba, ta kuma ɗaure ta da igiya. Gatan shi ne babu wanda zai shimfiɗa dogo don jigilar jama'a ko kayansu ba tare da izini ba. Igiyar kuwa ita ce ikon minista na ba ta umarni. Yawancin labarin shekarun da suka biyo baya, labarin tsawon igiyar nan ne.

Daga Ebute Metta zuwa bakin layi

A ƙololuwa akwai shugaban ƙasa, wanda ke naɗa kwamitin gudanarwa da manajan darakta. Tsakaninsa da hukumar akwai ministan sufuri. Aikin kwamitin gudanarwa shi ne shata manufa da sa ido, ba ya tuƙa jirgi kuma ba ya zama kullum. Manajan darakta shi ne mai gida na yau da gobe. Injiniya Fidet Okhiria ya riƙe kujerar daga 2016 har 2024, a farkon 2025 aka naɗa Kayode Opeifa.

Ƙarƙashin manajan darakta akwai daraktoci, kowa da sashensa. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce a bi matsala ɗaya a ga hannun da take ratsawa. A ce ruwan Agusta ya yi gyara cikin dare, ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo kusa da wani kwalbati, ƙarfe ya rage a rataye. Wanda zai fara gani lebura ne mai sintiri, cikin ayarin da aka ba wa wannan yanki na layi. Shi da shugabansa mutanen sashen injiniyan gine-gine ne, masu kula da ƙarfe da tsakuwa da gadoji. Zai kafa jan ƙyalle, a sanar da tasha mafi kusa. Shugaban tasha, wanda ke ƙarƙashin sashen zirga-zirga da kasuwanci, zai hana jirgi shiga yankin, ya sanar da ofishin da ke lura da motsin jirage. Saƙon da kansa ta na'urorin masu sigina da sadarwa zai bi. Injin da zai jawo taragun tsakuwa da kayan aiki, sashen injiniyan injuna ne zai tabbatar da lafiyarsa, su ne masu manyan wuraren gyara a Ebute Metta da Inugu da Zariya. Idan gyaran ya fi ƙarfin abin da ke sito, sai takarda ta hau zuwa sashen saye-saye, daga nan sashen kuɗi. A nan ne tafiya ke yin nauyi, domin idan kuɗin ya wuce iyakar da aka yarje wa hukumar ta kashe da kanta, sai an je ma'aikata a Abuja, wani lokaci har majalisar zartarwa. Jan ƙyallen da aka kafa cikin minti biyar yana iya yin watanni yana jiran sa hannu.

Akwai kuma sassan da fasinja ba ya gani: na mulki da ma'aikata, na tsare-tsare, na shari'a, na binciken kuɗi.

Tun da ba za a iya lura da dubban kilomitoci daga ofis ɗaya a Legas ba, an raba tsohon layin shiyya bakwai, kowace da manajanta, wanda ke da ƙananan jami'ai masu wakiltar manyan sassan nan. Shiyyar Legas na Ebute Metta, ta Yamma na Ibadan, ta Gabas na Inugu. Sauran huɗun duk a Arewa suke: Zariya, Minna, Kafanchan da Bauchi. Mai karatu zai iya tambaya, ina Kano, garin da dominsa aka yi dogon tun farko? Kano a ƙarƙashin Zariya take. Reluwe ba girman birni take dubawa ba, mahaɗa take dubawa. A Zariya layin Kano ya rabu da na Funtuwa da Gusau. A Minna aka haɗu da na Baro. Kafanchan kuwa jirgin ƙasa ne ya raine ta, domin a nan hanyar Jos da Maiduguri ta balle daga ta Fatakwal, ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar suka zo suka zauna da iyalansu.

Sababbin layukan ba su shiga wannan rabo sosai ba. Abuja zuwa Kaduna, Itakpe zuwa Warri da Legas zuwa Ibadan, kowane ana tafiyar da shi da nasa manajan da nasa ma'aikatan. Ga shi kuwa ƙarfen ma ba iri ɗaya ba ne. Tsohon layi, mai tsawon kilomita 3,505, faɗin tsakanin ƙarafunansa milimita 1,067 ne. Sabon kuwa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Ke nan hukuma ɗaya tana ɗauke da injuna iri biyu, kayan gyara iri biyu, wuraren gyara iri biyu. A Kaduna ana ganin abin ƙuru-ƙuru: tsohuwar tasha na cikin gari, sabuwa na can Rigasa.

Gari a cikin gari

Reluwe ta taso ne a zamanin da mai ɗaukar ma'aikata ke ɗaukar rayuwarsu gaba ɗaya. Ta gina kwatas, ta buɗe asibitoci da makarantun horo da kulob. 'Yan sanda ma suna da runduna ta musamman ta jiragen ƙasa mai nata kwamishina. A garuruwan mahaɗa, yaro kan tashi a gidan Reluwe, a yi masa allura a asibitin Reluwe, ya girma ya gaji aikin ubansa.

Taruwar ma'aikata masu yawa a wuri ɗaya ita ta sa ƙungiyar ƙwadago ta fara ƙarfi a nan. Michael Imoudu, wanda ya fito daga wurin gyaran injuna na Ebute Metta, shi ne fitaccen jagoran yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya shafe sama da kwana 40 a kan tsadar rayuwa da yaƙin duniya na biyu ya jawo. Da jirgi ya tsaya, kasuwancin mulkin mallaka ya tsaya. Har yau ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa wani ɓangare ce ta tsarin da babu manajan da zai yi watsi da shi.

Abin da ya rage daga wancan zamani mafi daraja shi ne ƙasa. Hukumar na da filaye a tsakiyar manyan birane, da gidaje, da rumbunan ajiya, da zirin fili a kowane gefen dogo. Don haka aka kafa mata kamfani na musamman mai kula da kadarori, wanda hedikwatarsa ke Kaduna. Wannan shi kamfani ne na sosai mai rajista, mallakar hukumar, kuma aikinsa bayar da haya da karɓar kuɗi. Aikin ba sauƙi. Inda jirgi ya yi shekaru bai wuce ba, kasuwa ta hau kan layi, mai tumatir ya baza kayansa tsakanin ƙarafuna, wani ya kafa shago, wani ma ya zuba harsashin gini. Ɓarayin ƙarfe kuma suna kwance dogon su sayar wa 'yan gwangwan, abin da hukumar ke yawan kuka da shi.

Ina kuɗin suke?

A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma duka biyun sun faɗi ƙasa da rabi. Dalilan sun taru ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse layin gabas. Fari da cutar gyaɗa sun durƙusar da noman da ke cika taragu. Kuɗin man fetur ya tafi ga gina tituna, tirela da tanka suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka, suna kai su har ƙofar ɗan kasuwa.

Asarar kaya ita ce ta fi ciwo. A yawancin ƙasashe dakon kaya masu nauyi a tafiya mai nisa ne ke kawo riba, fasinja kuwa sau da yawa sai an tallafa. A shekarun baya-bayan nan alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata uku suna nuna kuɗin tikiti ya rinjayi na kaya. Tikiti kuma abu ne da siyasa ke sa wa hannu. A watan Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa hawa jirgin ƙasa kyauta ne na kusan mako biyu saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Jama'a sun ji daɗi, kuma ba laifi ba ne gwamnati ta sauƙaƙa wa talaka. Sai dai man dizal ɗin da injin ya sha a kwanakin ba kyauta aka samo shi ba, shawarar kuma ba a Ebute Metta aka yanke ta ba.

Abin da hukumar ta tara yana shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati a Babban Banki, tsarin da aka tilasta wa hukumomin tarayya tun 2015. Albashi da manyan ayyuka daga kasafin kuɗin tarayya suke fitowa. Sababbin layuka ma'aikatar sufuri ke bayar da kwangilarsu, in an gama a miƙa wa hukumar ta tafiyar. Wato wanda za a zaga idan jirgi ya makara ba shi ne ya zaɓi inda dogo zai bi ba, ba shi ne ya zaɓi injin ba, kuma ba shi da cikakken iko a kan kuɗin da injin ya samo.

Harin 28 ga Maris 2022 ya fito da wannan a mummunar siffa. 'Yan bindiga sun dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe aƙalla mutum 8, suka yi awon gaba da sama da 60. Na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Bayan harin, ministan sufuri na lokacin ya fito ya ce ya riga ya nemi a amince da sayen na'urorin sa ido a layin, ba a amince ba. Ko ma wa ke da gaskiya a wannan taƙaddama, ta nuna cewa shawarar da ta shafi ran fasinja tana can sama da manajan darakta da hawa biyu.

Magunguna da aka gwada

An sha ƙoƙarin farfaɗo da ita. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa ragamar gudanarwa ga RITES, kamfanin ƙwararru na jiragen ƙasan Indiya, abubuwa suka ɗan gyaru, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1989 gwamnatin soja ta naɗa Samuel Ogbemudia shugaba mai cikakken iko shi kaɗai. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba CCECC kwangilar dala miliyan 528 ta gyaran layi da kawo injuna da taragu. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu a kwangilar dala biliyan 8.3 ta sabon layi daga Legas zuwa Kano, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da ita, daga baya aka yanka aikin gunduwa-gunduwa. Daga cikin gunduwoyin ne aka sami na Abuja zuwa Kaduna, da na Legas zuwa Ibadan mai kilomita 157 da aka buɗe a 2021, da na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a shekarar. Tsohon jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a Disambar 2012 bayan gyara, yana kwana a hanya. Shirin ba da tsohon layi haya ga ayarin kamfanoni ƙarƙashin General Electric na Amurka ya watse bayan kamfanin ya janye a 2018.

Wanda ya jera waɗannan zai ga abu ɗaya yana maimaituwa. Ko dai an sauya mutumin da ke sama, ko an sayo sabon ƙarfe. Dokar 1955 kuwa tana nan, duk da ƙudurorin maye gurbinta da aka sha kaiwa majalisa.

Masu neman a sake fasalin suna da hujja mai ƙarfi. Hukumar ita ce mai dogo, ita ce mai jirgi, ita ce kuma ta daɗe tana duba kanta. Kamar a ce mutum ɗaya ne mai titi, shi ne mai motocin haya, shi ne kuma jami'in da ke tsayar da mota ya duba birki. Ɗan kasuwar da ke son sa nasa taragun siminti ko taki a layi, wurin abokin gasarsa zai je neman izini. An ɗan rage wannan a 2022, da aka kafa hukumar binciken haɗurra mai zaman kanta wadda aikinta ya haɗa har da jirgin ƙasa. Shawarar da aka fi ji ita ce a raba gida uku: mai kula da dogo, masu tafiyar da jirage, da mai sa ido da ba ya cikin kasuwar.

Wasu ƙasashe sun bi hanyoyin nan, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Jamus ta mai da nata jiragen kamfani a 1994, Deutsche Bahn, hannun jarinsa duka na gwamnati, da rassa dabam-dabam na dogo da fasinja da kaya, wasu kamfanoni kuma suna biyan kuɗi su hau layin. Birtaniya ta sayar da nata a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin da ya karɓi dogon ya durƙushe cikin 'yan shekaru bayan munanan haɗurra, a 2024 kuma majalisarta ta yi dokar dawo da jiragen fasinja hannun gwamnati. Kamaru ta ba kamfanin Camrail hayar layinta na Duwala zuwa Ngaundare tun 1999. Rabawa kaɗai ba ta gyara kwalbati. Abin da ke raba nasara da akasinta shi ne a san wanda zai biya kuɗin kula da dogo kowace shekara, a kuma rubuta shi a inda ba za a kauce masa ba.

Sababbin masu shigowa

A watan Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya fitar da jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Yanzu jiha na iya yin dokarta ta shimfiɗa nata dogo a cikin iyakarta. Legas ta riga kowa: layinta mai suna Shuɗi ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, Ja kuma a 2024, kuma hukumar sufurin jihar ce ke riƙe da su. Layin Ja yana bin hanyar dogon tarayya ne, don haka dole hukumomin biyu su zauna su tsara wanda zai wuce da wane lokaci. Reluwe, wadda ta saba ita kaɗai ce a fili, ta fara koyon zama da maƙwabci.

Gwaji mafi girma yana tafe daga Arewa. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Nijar ta taɓa shiga irin wannan haɗaka: a 1959 ita da Dahomey, wato Benin ta yau, sun kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa, amma dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya, motoci ke ƙarasa da kayan. Layin Maraɗi kuwa zai tsallaka iyaka da ƙarfensa. Dokar 1955 an rubuta ta ne don jirgin da ke tashi a Najeriya ya tsaya a Najeriya. Kafin taragon farko ya wuce Jibiya, sai an san direban wace hukuma zai ja shi, a wace tasha kwastan za su buɗe kaya, wa zai gyara ɓangaren da ke cikin Nijar, da yadda za a raba kuɗin dakon da aka biya rabi da naira rabi da sefa.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi wata hukumar gwamnati da ke aiki a garinsu. A binciko wanda ke naɗa shugabanta, inda kuɗin shigarta ke tafiya, da wanda ke duba ingancin aikinta, sannan a kwatanta da abin da aka karanta game da Reluwe. Inda akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a unguwa, a gayyato shi ya bayyana wa aji sashen da ya yi aiki da shiyyar da ta riƙe shi.